Babi na Biyar: Makamin da Ke Cikin Ƙamshi

Wanda ya taɓa ratsa gonakin gefen tafkin Madarumfa da sassafe a ƙarshen damina ya san abin da ke faruwa idan ƙafa ta taka daddoya. Kafin a taka ta, hanci ba ya jin komai. Da ganyen ya murje, sai ƙamshi ya tashi, ya manne wa takalmi har gida. Haka nobe yake, ciyawar nan da ake jinka da ita kuma ake dafawa don ciwon ciki. Haka ɓawon lemo yake idan yara suka matse shi kusa da wutar ashana suka ga ta yi tartsatsi.

Garin Madarumfa, wanda ke kimanin kilomita 20 kudu da Maraɗi, an fi saninsa da tafkin da kuma kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da shi, waɗanda Nijar ta gabatar wa UNESCO a 2006 tare da gandun dajin garin. Mu kuwa a wannan babi ƙasa za mu duba, wajen ganyen da aka taka. Mene ne ya fito daga cikinsa? Don me tsiron ya ɓoye shi? Kuma idan gaskiya ne yana kashe ƙwayoyin cuta, me ya hana a daina sayen magani a koma gona?

Man da ke zama da man da ke tashi

A ƙasar Maraɗi idan aka ce mai, gyaɗa ce ke faɗo wa mutum a rai. Mata sun gaji matsar ta daga iyayensu, a kwashe mai a soya ƙuli-ƙuli da tunkuza. Ɗiga wannan mai a kan farar takarda, tabon zai zauna ko da za a shekara. Ɗiga man da aka fitar daga daddoya ko nobe a gefensa, bayan 'yan sa'o'i za ka nemi tabon ka rasa. Ya bi iska.

Dalilin yana ga girman ƙwayoyin sinadarin. Ƙwaya ɗaya ta man gyaɗa tana ɗauke da zarrar kabon fiye da 50, don haka nauyinta ba ya barin ta tashi. Yawancin na man ƙamshi kuwa kabon 10 ne ko 15. Rashin nauyin nan ne ke kawo su hanci. Man darbejiya, duk da ƙarfin warinsa, dangin man gyaɗa ne, matsar sa ake yi daga 'ya'ya.

Idan aka duba ganyen daddoya da madubin ƙara girma, za a ga bayansa cike da 'yan mitsi-mitsin jakunkuna. Nan man yake ajiye, sai an fasa jakar yake fita. Tsiro ba ya gudu. Akuya ta zo, fara ta sauka, tsutsa ta hau, fumfuna ta kama, yana nan inda yake. Abin da ya rage masa shi ne ya sa mai cin sa ya yi da-na-sani tun a cizon farko. Ƙamshin da muke sha'awa a miya, a wurin ƙwaro guba ne. Wanda ya riƙe wannan zai fahimci amfanin man da haɗarinsa a lokaci guda.

Daga murfin tukunya zuwa ɗakin bincike

Uwargidan da ta dafa daddoya ta ɗaga murfi ta riga ta yi rabin aikin masana. Ɗigon ruwan da ke jikin murfin yana da ƙamshin ganyen, domin tururi ya fasa jakunkunan ya ɗauko man, sanyin murfi kuma ya mayar da su ruwa. Abin da ya rage shi ne a sa wa tukunyar bututu, a sanyaya shi, a tari abin da ke ɗigowa a kwalba. Mai da ruwa ba sa haɗuwa, sai man ya taso sama a kwashe. Man kanumfari ne ke saɓa wa wannan, shi ya fi ruwa nauyi, ƙasa yake kwanciya.

Wannan sana'a tsohuwa ce a duniyar Musulmi. Al-Kindi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9, ya rubuta littafi kan haɗa turare da tace shi ta hanyar tururi, mai ɗauke da haɗi fiye da 100. Sunan da Turawa ke kiran tukunyar tacewar ma daga Larabci suka aro shi, daga kalmar al-anbiƙ. Kayan gilashin da ɗaliban kimiyya ke amfani da shi yau a jami'o'in Yamai, Maraɗi, Zariya da Kano, wani Ba'amurke mai suna Clevenger ne ya bayyana shi a 1928, amma dabarar ita ce dai ta murfin tukunya.

Abin da ake samu kaɗan ne. Kilo 100 na ganye yakan ba da abin da bai wuce kilo 1 ko 2 na mai ba, sau da yawa ma bai kai haka ba. Furen wardi sai an tara tan 3 ko fiye kafin a sami kilo guda. Kanumfari ne mai hannun kyauta, busasshensa yakan ba da kashi 15 cikin 100 ko sama da haka. Lissafin nan yana da muhimmanci: cokali ɗaya na man daddoya ya tattara ƙarfin ganyen da ba wanda zai iya ci a zama ɗaya. Shan ruwan dafaffen ganye daban, shan mansa daban.

Su wane ne a cikin kwalbar?

Man ƙamshi taron jama'a ne. A ɗigo guda akan sami sinadarai 20 zuwa 60, wani lokaci fiye, amma biyu ko uku ne ke da rinjaye. Bajamushe Otto Wallach ne ya fara warware su dalla-dalla, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1910. An gano cewa mafi yawansu, waɗanda ake kira tarfin, da bulo iri ɗaya aka gina su, bulo mai kabon 5. A haɗa biyu a sami masu kabon 10, a haɗa uku a sami masu 15. Yadda aka lanƙwasa ginin da inda aka maƙala iskar oksijin su ke bambanta ƙamshin lemo da na na'a-na'a.

Yau ana tantance su da na'urar da ke aiki kamar filin sukuwa. Ana tura tururin man cikin siririn bututu mai tsawon mita 30 da aka naɗe kamar gammo. Duk sun tashi tare, amma marasa nauyi su ke fara isowa, masu nauyi da masu manne wa bango su biyo baya. A bakin fita wata na'urar tana auna kowane ta faɗi sunansa.

Da wannan aka san cewa man kanumfari, ɗan asalin tsibiran Maluku na Indunusiya da ya iso mana da sunansa na Larabci, kashi 70 zuwa 90 cikin 100 nasa sinadari ɗaya ne mai suna yujinol. Ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami, sitral ne ya rinjaye ta. Nobe na yankinmu na Afirka ta Yamma, fiye da rabin mansa fiferiton ne. Ganyen bishiyar turare da aka dasa a bakin hanyoyi da makarantu yana ɗauke da siniyol, shi ne ke buɗe hanci idan an yi sirace. Ɓawon lemon zaƙi kuwa kashi 90 cikin 100 limonin ne, kuma shi ne ke kama wutar ashanar yara.

Daddoya tana da wani sirri da ya kamata mai magani da mai saye su sani. Babbar daddoya, wadda masana ke kira Ocimum gratissimum, tana da iri-iri da ido ba ya rabewa da sauƙi. Wata timol ne ya fi yawa a manta, wata yujinol, kamar kanumfari. Ƙasa, ruwan sama, shekarun tsiro da lokacin da aka tsinke shi duk suna canza yawan abin da ke ciki. Idan dattijo ya ce ganye kaza da safe ake tsinkar sa, ko kuwa na fadama ya fi na tudu, kada ɗan boko ya yi saurin dariya. Sau da yawa na'ura tana samun bambancin da hancin dattijon ya riga ya ji. Matsalar ita ce wannan bambancin ne ke hana a faɗi ma'auni tabbatacce, domin dintsi ɗaya na bana ba lallai ya yi daidai da dintsi ɗaya na bara ba.

Abin da faranti ke nunawa

Gwajin da aka fi yi mai sauƙi ne. Ana shafa bakteriya a kan wani abinci mai kama da kamu a cikin farantin gilashi, a jiƙa 'yar takarda da man a ɗora a tsakiya, a ajiye faranti a zafin jikin mutum har kwana guda. Washegari bakteriya sun rufe ko'ina, sai wata da'ira fes a kewayen takardar inda suka kasa tsirowa. Da man kanumfari, daddoya ko ciyawar shayi, da'irar tana fitowa sarai. An yi ire-iren wannan bincike a ƙasashe da yawa, tun daga 1887 lokacin da Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur, ya gwada mayukan ƙamshi a kan ƙwayar cutar saifa ta dabbobi.

Yadda suke kisan ma an fahimce shi. Fatar da ke lulluɓe da bakteriya da kitse aka yi ta, su kuwa waɗannan sinadarai masu son kitse ne. Sukan kutsa cikin fatar su sassauta ta, kamar yadda gara ke cin zana, har abin da ke ciki ya fara yoyo. Timol da yujinol sun fi sauran iya wannan aiki saboda wani ɗan hannu na oksijin da haidirojin da ke maƙale a zoben jikinsu. Ƙananan sinadaran da ke cikin man su ma suna taimakawa, wasu su buɗe hanya wasu su shiga, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma bakteriya kala biyu ne, bisa rinin da Hans Christian Gram ya ƙirƙiro a 1884. Masu riƙe rinin, irin su Staphylococcus da ke kawo maruru, sun fi saurin faɗuwa. Marasa riƙewa, irin su E. coli da Salmonella masu kawo gudawa da taifot, suna da ƙarin riga a waje da ke tare abubuwa masu maiƙo. Ga kuma zancen yawa. Maganin asibiti mai kyau yakan tsayar da bakteriya da abin da bai wuce mikrogiram 1 a kowace mililita ba, man ƙamshi kuwa yakan buƙaci ɗaruruwa ko dubbai. A faranti wannan ba damuwa ba ce, sai a ƙara ɗigo. A jikin mutum, hanta tana wargaza sinadarin cikin sa'o'i kaɗan, kuma yawan da zai kashe bakteriya a jini zai fara da ƙona ciki. Fatar ƙwayoyin jikinmu ita ma da kitse aka yi ta, man bai san nasa ba. Likitoci sun rubuta labarin ƙananan yara da hantarsu ta lalace bayan sun sha cokali 1 ko 2 na man kanumfari, da waɗanda suka kama jijjiga bayan shan man bishiyar turare ko kafur.

Tsatsar mai

Kalmar antioksidan ta shigo bakin masu tallar magani a rediyo da WhatsApp, ana faɗar ta kamar laƙani. Ma'anarta tana nan a ɗakin girki. Man gyaɗa da ya daɗe a buɗe yakan canza wari, ya riƙa maƙaƙi a maƙogwaro. Oksijin ne ya ci shi, kamar yadda yake sa ƙarfe tsatsa. Abin yana tafiya kamar gobarar daji: ƙwaya ɗaya da ta lalace takan fizgi wani abu daga maƙwabciyarta, ita ma ta fizga daga ta gaba. Antioksidan shi ne wanda ke miƙa nasa da kansa don fizgar ta tsaya a kansa. Yujinol da timol gwanaye ne a nan, da wannan ɗan hannu da muka ambata.

A ɗakin bincike ana auna wannan da wani ruwa mai launin shunayya da ake kira DPPH, dabarar da aka bayyana tun 1958. A zuba man kanumfari, nan take launin ya koɗe ya koma rawaya. A zuba na nobe ko na ɓawon lemo, da ƙyar ya motsa, don su ba su da wancan hannu. Ke nan mai yana iya zama dodon ƙwari amma rago a wajen tare tsatsa. Masu kilishi na Tasawa da Madawa sun daɗe suna cin moriyar abin ba tare da sunansa ba. Rana da gashi su ke busar da naman, amma kanumfari da citta da ke cikin labu suna taimakawa wajen jinkirta lalacewar man gyaɗar da ke jikinsa.

Daga nan ne masu talla ke wuce gona da iri, su ce abin da ya kare mai a kwalba zai kare jiki daga tsufa da sankara. An taɓa gwada irin wannan zato. A Finland an bi maza masu shan taba fiye da 29,000, aka ba wasunsu beta-karotin, antioksidan ɗin da ke cikin karas. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha. Abin da ya yi kyau a kwalbar gwaji ya ba da kunya a jikin mutane.

Gwajin da aka yi a gida

Mutanen Madarumfa ba sa buƙatar zuwa Finland don ganin yadda ake tantance magani. Tsakanin 2012 da 2013, a cibiyoyin kiwon lafiya huɗu na gundumar, cibiyar bincike ta Epicentre, reshen ƙungiyar likitoci ta MSF, ta gudanar da wani gwaji a kan yara kusan 2,400 masu tamowa mai tsanani amma ba tare da wata cutar da ta kwantar da su ba. A lokacin al'adar ita ce a ba kowane irin wannan yaro amoksisilin. Sai aka raba yaran biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suka sha maganin na kwana 7, rabi suka sha abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki. Uwa ba ta san wanne ɗanta ya samu ba, ma'aikacin da ke auna shi ma bai sani ba.

Sakamakon ya fito a mujallar likitanci ta New England a 2016. Kashi 66 cikin 100 na waɗanda suka sha amoksisilin sun murmure, na ɗaya ɓangaren kashi 63, tazarar da ba ta isa a ce maganin ne ya kawo ta ba, ko da yake ya ɗan rage yawan waɗanda aka tura kwanciya asibiti. Amoksisilin fa ba baƙo ba ne, kowa ya san yana kashe bakteriya a faranti. Duk da haka sai da aka tambaye shi hujja a kan waɗannan yara, a wannan wuri. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Man daddoya da na nobe ba su bi ta irin wannan ƙofa ba a matsayin maganin gudawa, taifot ko ciwon huhu, kuma da'ira a faranti ba ta maye gurbinta.

Neman sabon makami kuwa ya zama dole. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Kafso da ake saye ɗaya-biyu a tire, a sha a bari da an ji sauƙi, yana cikin abin da ke koya wa bakteriya taurin kai. Wannan ne ya sa masana ke sake duban tsirrai, kuma shi ne ya sa bai kamata a yi musu gaggawa ba.

Inda man yake da gida

Idan aka duba inda mayukan nan suka yi nasara ta tabbata, za a ga duk wurare ne da man ke taɓa abokin gaba kai tsaye, kamar yadda yake yi a jikin ganye. Kakar da ta ce wa jikanta, "Ungo, ɗan nan, danne kanumfarin a kan haƙorin," tana kan hanya ɗaya da likitan haƙori, wanda tun ƙarni na 19 yake kwaɓa yujinol da garin zinki don cike rami na wucin gadi. Zafin zai lafa, ramin dai yana nan sai an gyara. Ruwan kurkure baki na Listerine, da aka haɗa a Amurka a 1879, da timol, siniyol, mentol da wani ɗan'uwansu yake aiki har yau. Man ciyawa mai korar sauro yana korar sa, amma saboda tashi yake yi, kariyarsa ba ta kai tsakar dare ba, gidan sauro ne ke kwana da yaro.

Sai rumbu. Wake dukiyar ƙasar Maraɗi ne, ƙwarinsa kuma su ne ɓarayin da ke huda shi cikin 'yan watanni. Masana a jami'ar Lome ta Togo sun nuna cewa tururin man nobe, saboda fiferiton ɗinsa, yana kashe ƙwaron wake da ƙwansa a cikin rufaffen mazubi. A nan rashin nauyin man ya zama alheri, yana ratsa tsakanin ƙwayoyin waken, kuma ba hantar kowa a tsakani.

Aikin da ke jiran ɗalibin kimiyya a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi yana nan kusa da shi. Ya tsinko daddoya daga gefen tafki da kuma wajen dajin Baban Rafi, da damina da kaka, ya tace, ya gano wacce ce mai timol wacce ce mai yujinol. Ya zauna da masu magani ya ji lokacin da suke tsinka da dalilinsu, ya auna ya ga inda na'ura ta gaskata su. Ya gwada man nobe a tulun wake na gaske a gidan manomi, ya ƙirga ramuka bayan wata shida, ya dafa waken ya ji ko ɗanɗano ya canza. Tukunya, bututu da haƙuri sun isa a fara.

Uwa kuwa ta ci gaba da sa daddoya a miya, ta yi wa mai mura sirace, ta ɗora kwalbar man kanumfari inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ranar da jikin jaririnta ya yi zafi, ko gudawa ta sa maɗigarsa ta faɗa, ta goya shi zuwa likita tun da rana. Daddoyar tana nan bakin rijiya, za ta same ta idan ta dawo.